Ana zargin sankarar ƙashi a karen Greyhound: a yi bayopsi ko a wuce wurin?

“Likita, barka da aiki. Ina da kare jinsin Greyhound, tsohon ɗan tsere ne da na ɗauka bayan ya bar gudu, yanzu shekararsa 9. Mako 3 ke nan yana ɗingishi da ƙafar gaba ta dama. Maganin ciwo ya ɗan taimaka da farko, daga baya ya daina aiki. An ɗauki hoton ƙashi, likitanmu ya ce ƙashin damtse daf da kafaɗa ya zaizaye, yana zargin sankara ce. Hoton ƙirji bai nuna komai ba. Ya ba ni zaɓi biyu: ko a yi bayopsi, wato a ɗebo ɗan gutsuren ƙashin a duba, a tabbatar, ko a wuce kai tsaye a yanke ƙafar. Hankalina ya kasa kwanciya da a yanke masa ƙafa ba tare da tabbaci ba, amma kuma na ji ana cewa bayopsi na iya karya ƙashin. Ina neman shawararka.”

Barka kadai, Malam, Allah ya ba shi sauƙi. In na fahimce ka, abin da kake son sani shi ne ko tabbacin da bayopsi zai ba ka ya kai a jefa karen cikin haɗarinsa da jinkirinsa. Ban ga hoton ba, ban kuma taɓa kafaɗar da hannuna ba, don haka kalmar ƙarshe tana wurin likitan da ya duba shi. Amma yadda ake auna wannan lamari sananne ne, kuma ma'aunin guda ɗaya ne: ana huda ƙashin da ya riga ya yi rauni ne kawai idan sakamakon zai canza abin da za a yi wa karen. A irin siffar da ka bayyana, yawanci ba ya canzawa, kuma akwai hanya mai sauƙi da ta kamata a fara bi kafin a kai ga babban bayopsi.

Me ya sa zargin ya yi ƙarfi haka

Cikin kansar da ke tsirowa daga ƙashin kare, kusan kashi 85 cikin 100 iri ɗaya ce, wadda ake kira ostiyosakoma. Ta fi kama manyan karnuka masu dogayen ƙafafu, galibi daga shekara 7 zuwa 10. Wani nazari da aka yi a asibitin dabbobi na Jami'ar Florida, aka buga a 2007, ya sami Greyhound a sahun gaba wajen kamuwa da ita, sai Rottweiler, sai Great Dane. Tana da wuraren da ta fi so: a ƙafar gaba, saman ƙashin damtse kusa da kafaɗa da kuma ƙasan ƙashin sangali kusa da wuyan ƙafa, a ƙafar baya, ƙasan ƙashin cinya da saman ƙashin ƙwauri, wato gefe biyu na gwiwa. Ƙafafun gaba sun fi na baya kamuwa kusan ninki biyu. Karenka ya haɗa jinsin, da shekarun, da wurin.

A hoto, ana ganin ƙashin ya cinye a wani wuri, ya kuma toho barkatai a wani wurin, babu tsayayyar iyaka tsakanin mai lafiya da mara lafiya. Bangon ƙashin yakan yi siriri ko ya ɓule, wani lokaci sabon ƙashi ya fito tsiri-tsiri daga gefe. Yawanci ciwon yana tsayawa a ƙashi ɗaya, ba ya tsallaka gaɓa ya kama na kusa da shi. Idan duk wannan ya haɗu a Greyhound mai shekara 9, wanda bai taɓa samun rauni ko tiyata a wurin ba, da wuya ƙwarai amsar ta zama wani abu daban.

Maganar hoton ƙirji kuwa, labari ne mai daɗi, amma kada ka ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa. A lokacin da ake gano cutar, kusan kare 1 cikin 10 ne kawai ake ganin ƙulli a huhunsa, alhali kusan 9 cikin 10 ƙwayoyin kansar sun riga sun isa huhun, sun yi ƙanƙantar da hoto ba ya kama su. Ƙulli sai ya kai wajen milimita 7 zuwa 9 kafin ya fito a hoton eksire, shi ma sai an ɗauka ta fuska 3: kwance a dama, kwance a hagu, da rigingine ko rub da ciki. Na'urar siti-sikan tana kama wanda bai wuce milimita 1 ko 2 ba.

Abubuwan da ke iya yin kama da ita

Nan ne ya kamata mu daɗe, domin duk amfanin bayopsi yana cikin wannan jerin. Akwai rukuni na farko, wato sauran kansar ƙashi: ta guringuntsi, ta jijiyoyin jini, ta zaren tsoka. Waɗannan sunansu ne daban, amma idan sun cinye ƙashin damtse har karen ya daina taka ƙafa, maganin farko ɗaya ne, a cire ƙafar. Bambancin yana zuwa ne bayan tiyata, wajen yanke shawarar a yi kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa, ko kada a yi. Kansar guringuntsi, alal misali, ba ta saurin bazuwa, kuma tiyata kaɗai kan ba kare dogon lokaci. Wannan bayanin za a same shi daga ƙafar da aka cire, da inganci fiye da wanda ɗan gutsure zai bayar. Saboda haka wannan rukunin ba hujja ba ce ta yin bayopsi kafin tiyata.

Rukuni na biyu shi ne abin dubawa, domin a cikinsa yanke ƙafa zai iya zama kuskure. Na farko, ciwon ƙashi na fangas, wato ƙwayar cuta dangin fumfuna. A hoto yana iya yin kama da ostiyosakoma har ƙwararre ya ruɗe, ana kuma magance shi da ƙwayoyi irin su fulukonazol ko itirakonazol na tsawon watanni, wani lokaci fiye da shekara. Sai dai wannan ciwo yana bin ƙasa. Kokisidiyodis, mai kawo abin da ake kira zazzaɓin kwari, yana cikin busasshiyar ƙasar kudu maso yammacin Amurka, irin su Arizona da tsakiyar Kalifoniya, da arewacin Meziko da wasu sassan Amurka ta Tsakiya da ta Kudu. Bilastomaisis yana yankin kogunan Ohio da Misisifi da kewayen manyan tafkunan Arewacin Amurka. Tsohon karen tsere yakan yi yawo daga wannan fili zuwa wancan kafin ya zo hannun mai riƙo, don haka ka nemi tarihin wuraren da ya zauna, ba inda yake yanzu kaɗai ba. Kare mai fangas sau da yawa yana da wasu alamu: zazzaɓi, tari, rama, gyambo mai tsiyaya a fata, kumburin kaluluwa, ciwon ido, ko ƙashi fiye da ɗaya ya kamu. Ana kuma iya bincikensa ba tare da an taɓa ƙashin ba, da gwajin jini ga kokisidiyodis da gwajin fitsari ga bilastomaisis.

Na biyu, ciwon ƙashi na bakteriya. Shi kusan kullum yana da ƙofar da ya shigo: cizo mai zurfi, karaya da ta fasa fata, ko ƙarfen da aka sa a tsohuwar tiyata. A lura dai, ostiyosakoma ma tana iya tsirowa a wurin tsohuwar karaya bayan shekaru, don haka tsohon rauni yana ƙara ruɗani ne, ba ya wanke zargi. Na uku, kansar da ta taso daga wani wuri ta sauka a ƙashi, kamar ta furostet (ƙullin da ke bakin mafitsarar namiji), ta mafitsara ko ta nono. Ita ta fi son tsakiyar dogon ƙashi da ƙashin baya da haƙarƙari. Na huɗu, kansar ƙwayoyin jini da ɓargo, wato limfoma da mayeloma, waɗanda ake tunkara da kemo ko gashi, wato ƙona kansar da hasken na'ura, kuma mayeloma kan bar ƙananan ramuka a ƙasusuwa da yawa.

Duk waɗannan ana iya rage yiwuwarsu da bincike mara zafi: likita ya shafa kaluluwar gaban kafaɗa da ta hammata, ya duba furostet da yatsa, a yi gwajin jini da fitsari, a yi sikanin ciki. A nan dole mai karanta sakamakon ya san jinin Greyhound. Jajayen ƙwayoyinsa sun fi na sauran karnuka yawa, su kai kashi 55 zuwa 65 cikin 100 na jinin ba abin mamaki ba ne. Farare da ƙwayoyin daskarar da jini sun fi ƙaranci, kiriyatinin, sinadarin da ake auna aikin ƙoda da shi, ya fi yawa saboda tsoka, furotin ɗin jini kuma ya fi ƙasa. Ke nan furotin da ya kai ƙololuwar ma'aunin sauran karnuka, a Greyhound abin a ƙara dubawa ne saboda mayeloma ko tsohon ciwon fangas. A kuma duba sinadarin alkalin fosfatas: idan ya hau a kare mai ostiyosakoma, alama ce ta cewa cutar za ta fi saurin gudu.

Allura siririya kafin babbar allura

Mutane da yawa suna zaton zaɓin biyu ne kawai, bayopsi ko rashinsa. Akwai na uku a tsakiya, shi nake fara bayarwa a irin wannan hali: a zuƙo ƙwayoyin halitta da allura siririya. Ana ba karen maganin da zai kwantar da shi tare da na kashe ciwo, a aske wurin a wanke, a ɗora na'urar sikan a kan ƙashin a nemi inda bangon ya ɓule. Ta wannan kafar ake shigar da allura lamba 18 ko 20, a zuƙa da sirinji mai mililita 5 ko 10, a ɗan sauya alƙibla sau 2 ko 3, a fesa abin da ya fito a gilashin gwaji, a shimfiɗa shi a hankali don kada ƙwayoyin su fashe. Aikin minti kaɗan ne, ba a huda sabon rami a ƙashin ba, sakamako kuma kan fito cikin kwana 1 zuwa 3.

Ingancinsa ya fi yadda ake zato. Wani nazari daga Jami'ar Bolonya ta Italiya a 2017 ya gwada wannan hanya da bayopsin ƙashi, ya ga duka biyun suna dacewa da gaskiya a kusan 8 cikin 10. Masanin da ke duba gilashin zai iya cewa kansa ce ko kumburin ƙwayar cuta ne, zai iya ganin fangas ɗin da idonsa, zai iya gane limfoma da mayeloma da kansar da ta zo daga wani wuri. Waɗannan su ne ainihin tambayoyin da ke hana yanke ƙafa. Idan ya ga sakoma ce, wato dangin kansar da ostiyosakoma ke ciki, akwai rini na alkalin fosfatas da ake ƙarawa: ƙwayoyin ostiyosakoma kusan dukkansu suna kama rinin. Shi ya sa ake barin gilashi 1 ko 2 ba a rina ba a aika da su. Sai dai ƙwayoyin ƙashi masu gyaran rauni su ma suna kama shi, don haka rinin yana da ma'ana ne kawai bayan an tabbatar ƙwayoyin na kansa ne.

Rauninsa shi ne wani lokaci jini kawai ke fitowa, musamman idan ciwon irin mai tauri ne, bangon bai ɓule ba. Sakamakon da ya ce ba a ga komai ba, ba wankewa ba ne. Ma'anarsa allurar ba ta ɗebo abin dubawa ba.

Shi kansa bayopsin, da inda yake ɓaci

Ana yin sa ne da cikakken maganin barci. An fi amfani da allurar Jamshidi, lamba 8 ko 11, mai rami a ciki da ƙarfen toshiya. Ana auna wurin daga hotuna 2, a tsaga fata milimita 2 zuwa 3, a tura allurar da toshiyarta har ta taɓa ƙashi, a zare toshiyar, a riƙa murzawa har ta ratsa bango ɗaya ta shiga ɓargo. Ba a fasa bango na biyu. Sai a ɗan girgiza ta don gutsuren ya tsinke, a zare, a turo shi daga baki zuwa gindi domin kada ya murƙushe. Ana ɗebo 2 ko 3 ta kafar fata ɗaya, kowanne santimita 1 zuwa 2. Ɗaya a mirgina a gilashi, ɗaya a ajiye a kwalba mai tsabta don shuka ƙwayoyin cuta idan ana zarginsu, sauran a ruwan adana samfur, wato fomalin mai kashi 10, ruwan ya ninka gutsuren sau 10. Gilashin kada ya shiga kwali ɗaya da fomalin, tururinsa kaɗai yana ɓata shi. Idan ana zargin kokisidiyodis a sanar da ɗakin gwaji, domin shuka shi haɗari ne ga ma'aikata.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗebowa daga gefen ciwon. A kumburin tsoka gefen ake so, amma a ƙashi gefen cike yake da sabon ƙashi da jiki ke ginawa don kare kansa. Wanda ya ɗebo daga nan, rahoto zai dawo da cewa ƙashi mai gyaran rauni ne, babu kansa. Mai kare ya yi murna, a ɓata makonni, ciwon yana nan yana ci. Dole a nufi tsakiya, a kuma ɗauki hoto bayan aikin a ga inda allurar ta bi. Ko da an yi komai daidai, Jamshidi tana bambance kansa da abin da ba kansa ba a kusan 9 cikin 10, tana faɗin ainihin irinta a kusan 8 cikin 10. Ke nan tabbacin da kake nema ba cikakke ba ne ko ta wannan hanya. Ga kuma jinkiri: sai an jiƙa ƙashin an narkar da ƙarfinsa kafin a iya yanka shi siriri, sakamako kan ɗauki mako 1 zuwa 2. Ciwon kansar ƙashi yana cikin mafi tsanani da kare ke ji, kuma Greyhound mai haƙuri ne, sau da yawa alamar kawai ita ce haki da dare, rashin samun wurin kwanciya, da barin abinci. Mako 2 a wannan hali ba ƙaramin abu ba ne.

Maganar karaya da ka ji gaskiya ce, ko da yake da Jamshidi ba ta cika faruwa ba. Ta fi yawa da babban abin huda mai haƙora da ake kira tirefin ɗin Michele, wanda ke fitar da gutsure mai kauri. Ƙashin da kansa ta ci kamar azara ce da gara ta cinye ta ciki: tana ɗauke da nauyi da ɗan ɓawon da ya rage, kowane sabon rami kuma yana rage shi. Ƙasusuwan Greyhound dogaye ne sirara, tsokarsa mai ƙarfi, kuma yana da ɗabi'ar zabura da gudu ba shiri. Wasunsu ma da karayar ake fara gano cutar, ba tare da kowa ya huda komai ba. Gwargwadon yadda hoto ya nuna bangon ya cinye, gwargwadon haɗarin. Irin wannan karaya yawanci ba ta ɗoruwa, idan ta faru shawarar da kake son yi a tsanake za ta koma ta gaggawa.

Game da tsoron cewa bayopsi yana watsa kansa, abin da ake kiyayewa shi ne hanyar da allura ta bi, domin ƙwayoyin na iya zama a cikinta. Shi ya sa ake so likitan da zai yi tiyatar shi ne zai zaɓi wurin hudawa, yadda zai cire hanyar gaba ɗaya daga baya. Huhu kuwa, kamar yadda na faɗa, yawanci sun riga sun isa can.

Abin da ya keɓanta da jinsin

Akwai zubar jini ta jinkiri da aka san Greyhound da ita. Ana gama tiyata lafiya, sai bayan awa 36 zuwa 48 fata ta fara yin ja da shuɗi daga bakin ɗinki, jinin ya bazu ƙarƙashin fata zuwa ƙirji da ciki da ƙafafu. Ayarin Dokta Guillermo Couto a Jami'ar Jihar Ohio sun ba da rahoto a 2008 cewa kusan 1 cikin 4 na tsofaffin karnukan tsere sun yi haka bayan fiɗiya ko cire mahaifa. Jinin yana daskarewa da farko, amma gudan ba shi da ƙwari, jiki yana narkar da shi da wuri. Gwaje-gwajen daskarewar jini da aka saba yi kafin tiyata suna fitowa lafiya lau, ba sa nuna wanda zai zubar. Maganin rigakafin shi ne aminokaproyik asid, miligiram 500 zuwa 1000 ga kare duk awa 8 na kwana 5, a fara ranar aikin, ko taraneksamik asid inda ba a samun na farkon. Ba a fafe gora ranar tafiya: ka tambayi likitanka tun yanzu ko maganin yana hannu, ko bayopsi za a yi ko yankewa.

Maganin barci ma yana da nasa sharuɗɗa. Ba a ba su tiyopental, domin rashin kitse da yadda hantarsu ke sarrafa shi suna sa su daɗe ba su farfaɗo ba. Ko propofol sukan fi sauran karnuka jinkirin fitar da shi. Jikinsu yana saurin yin sanyi a kan tebur, mai fargaba kuma zafin jikinsa na iya hawa kafin a fara. An kuma ga fotasiyam yana hawa a jininsu idan barcin ya yi tsawo, wajen awa 2 ko fiye, don haka ake aunawa ana cikin aiki. Babu ɗaya daga ciki da ke hana tiyata, amma sun isa su sa a guji sa karen barci sau biyu inda sau ɗaya zai wadatar.

To, yaushe ake yi, yaushe ake bari

Idan ka yanke shawarar cire ƙafar, kuma hoton da jinsin da wurin duk sun dace, babu tarihin zama a yankin fangas, binciken jini da ciki bai nuna wani abu ba, ban ga dalilin babban bayopsi ba. A yi allura siririya don kwanciyar hankalinka. Idan ta nuna sakoma, a wuce tiyata. Bayan an cire, a aika ƙashin da ke da ciwon gaba ɗaya tare da kaluluwar yankin, wannan ba abin sasantawa ba ne, domin a kansa za a gina shawarar kemo. Kaluluwa ba ta cika kamuwa ba, ƙasa da 1 cikin 20, amma idan ta kamu lissafin kwanaki yana raguwa sosai.

Idan kuma ka san ba za ka yanke ba, ba za ka yi kemo ba, sauƙaƙa ciwo kawai kake so, nan ma babban bayopsi ba shi da wuri, domin ƙafar da zai ci gaba da takawa ce za a raunana. Abin da ya wajaba shi ne a kawar da zargin fangas da bakteriya, tunda su ana warkewa. Haka ma idan ana shirin gashi don ceton ƙafar, an fi son allura siririya saboda gudun karaya daga baya.

Bayopsi ya cancanta idan ciwon yana tsakiyar ƙashi, ko ya tsallaka gaɓa, ko ya kama ƙasusuwa da yawa. Idan akwai tsohon ƙarfe ko cizo a wurin. Idan karen ya zauna a yankin fangas kuma gwajin jini ko fitsari bai raba gardama ba. Ko an yi allura siririya sau 2 ba a sami komai ba alhali hoton ba na sak ba ne. Ya kuma cancanta idan kai mai shi ka tabbata ba za ka iya sa hannu a takardar tiyata ba sai ka ga rahoto a rubuce. Wannan dalili ne na gaske, ban raina shi ba, muddin ka shiga da sanin cewa rahoton na iya dawowa babu amsa, ka kuma yanke tun kafin a huda abin da za ka yi idan hakan ta faru.

Ya kamata ka san lissafin da ke gaba, domin shi ma yana shiga awo. Da maganin ciwo kaɗai, yawanci wata 1 zuwa 3 ne kafin ciwon ya fi ƙarfin magani. Gashi na sauƙaƙawa yana rage ciwo ga mafi yawan karnuka na wata 2 zuwa 4, ana kuma haɗa shi da ƙarin ruwa na zoledronet ko pamidronet masu rage cin ƙashi. Yanke ƙafa kaɗai yana kawar da ciwon, matsakaicin rayuwa bayansa wata 4 zuwa 5. Idan an bi da kemo, galibi karboplatin, miligiram 300 ga kowace murabba'in mita ta faɗin jiki, duk mako 3, sau 4 zuwa 6, matsakaicin yana kaiwa wata 10 zuwa 12, kusan 1 cikin 5 kuma suna kai shekara 2. Ciwon da ke saman ƙashin damtse, irin na karenka, yakan ɗan gaza wannan matsakaici, kuma tiyatar ceton ƙafa ba ta yin kyau a wurin, ta fi dacewa da ƙasan sangali. Ƙafafun gaba suna ɗauke da kusan kashi 60 na nauyin kare, don haka kafin a cire ɗaya a duba sauran ukun da wuya da baya da kyau. A Greyhound a leƙa dagi a nemi kanta, wannan ɗan ƙulli mai tauri da ke sa su ɗingishi a daɓe mai ƙarfi, domin kanta a ƙafar gaban da ta rage tana iya hana shi tafiya fiye da rashin ɗayar. Yawancinsu suna miƙewa cikin kwana 1 ko 2, su saba cikin makonni kaɗan, tunda dama sun daɗe suna rataye ƙafar.

Kafin ranar da za a yi ko wanne, a riƙe shi da igiya duk fita, ko fitsari zai yi. Babu gudu, babu tsalle kan kujera ko shiga mota da kansa, babu matakala, a shimfiɗa abin da ba ya santsi inda yake bi. Maganin ciwo a haɗa iri-iri bisa umarnin likita, kamar karprofen ko meloksikam tare da gabapentin, da mai ƙarfi irin na opiyod idan ya kama. Kada a ba shi ibuprofen na mutane, yana huda ciki yana lalata ƙoda. Kada a haɗa karprofen ko meloksikam da maganin kumburi firednisolon, kada ma a fara firednisolon kafin a ɗebi samfur, domin yana ɓoye limfoma yana kuma ƙara wa fangas ƙarfi. Idan ya yi ƙara kwatsam, ƙafar ta yi lilo ko kafaɗar ta kumbura nan take, karaya ce: a sa masa takunkumin baki domin ciwo na iya sa shi cizo, mutum biyu su ɗauke shi a bargo da ƙafar mai ciwo a sama, a kai shi asibiti a wannan sa'ar. Ka zauna da likitanka a wannan makon ku amince da abin da za a yi idan hakan ta faru, a rubuta a katinsa yadda duk wanda ke bakin aiki a ranar zai gani.